Yadda Ƙaramin Ƙauye Zai Kula da Ingancin Ruwan Famfonsa, Ya Kuma Cika Ƙa'idar Hukuma

A watan Mayun 2000 an yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya a Walkerton, wani ƙaramin gari mai mutum kusan 5,000 a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada. Ruwan ya kwashi kashin shanu daga wata gona da ke kusa, ya shigar da shi ɗaya daga cikin rijiyoyin da ke ba garin ruwan famfo, wata marar zurfi da ake kira rijiya ta 5. Kafin a ankara mutum wajen 2,300 sun kwanta da ciwon ciki da gudawa, wasu har da jini, bakwai sun rasu. Abin da kwamitin binciken Mai shari'a Dennis O'Connor ya bankaɗo a rahotonsa na 2002 shi ya sa na fara da wannan labari. Garin yana da na'urar zuba kulorin, sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, yana da ma'aikata, yana da rajistar da ake cikewa. Amma shekara da shekaru masu kula da ruwan suna rubuta lambobin da ba su auna ba. Rahoton ya nuna cewa da ana auna kulorin a wannan rijiya kullum kamar yadda aka wajabta, da ɓarnar ba ta kai haka ba.

To in haka ta faru inda ake da kuɗi da kayan aiki, ina ga ƙauyen da duk abin da yake da shi rijiyar burtsatse ɗaya ce, da tanki ɗaya, da 'yan kawunan famfo, mai kula da su kuma taimako kawai yake yi? Wannan jagora ta 'yan kwamitin ruwa ce, da mai kunna inji, da duk wanda za a nufa da tambaya ranar da yara suka fara gudawa. Takardar ɗakin gwaje-gwaje tana da amfani, amma labarin kwalba ɗaya take bayarwa, ta safiya ɗaya. Sauran kwanakin shekara, ƙananan ayyukan da ake yi kullum a rubuta su bisa gaskiya su ne ke tsare lafiyar mutane, su ne kuma jami'in hukuma ya fi dubawa idan ya zo.

Mataki na farko: ku san dokar da ta hau kanku

Kowace ƙasa tana da mizaninta na ruwan sha, mafi yawansu kuma daga jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya aka samo su. Bugu na huɗu na jagorar ya fito a 2011, aka yi masa ƙari a 2017 da 2022, sannan a 2024 hukumar ta fitar da wata ta musamman don ƙananan hanyoyin samar da ruwa irin na ƙauyuka. Jagorar dai shawara ce, ba ta zama doka sai ƙasa ta ɗauke ta ta sa a dokarta, kuma ƙasa kan sassauta wata lamba ko ta tsaurara wata. Lambobin da zan kawo na Hukumar Lafiyar ne. Idan na ƙasarku sun saɓa musu, da na ƙasarku za a riƙe ku.

Kada ku ɗauka ƙanƙantar ƙauye ta fitar da ku daga hukunci. A Amurka, ƙarƙashin dokar ruwan sha ta 1974, duk tsarin da aka ja wa gida 15, ko yake shayar da mutum 25 na aƙalla kwana 60 a shekara, ruwan jama'a ake ɗaukarsa. A Tarayyar Turai dokar 2020 ta ba ƙasashe damar ɗauke wa tsarin da bai kai lita 10,000 a rana ba ko mutum 50, amma ban da wanda ya shiga harkar kasuwanci ko hidimar jama'a. Kun ga ke nan ko ƙaramar unguwa tana iya faɗawa ciki.

Ku rubuta wa ofishin lafiya ko na ruwa mafi kusa da ku takarda, ku nemi amsar waɗannan a rubuce: wace hukuma ce ke sa ido a kan ruwanmu, kuma akwai rajista ko izinin da ya kamata mu yanka? Waɗanne abubuwa za mu gwada, sau nawa a shekara? Wane ɗakin gwaje-gwaje ne hukuma ta yarda da sakamakonsa? Idan sakamako ya fito ba kyau, wa za mu kira, cikin awa nawa? Ku nemi kwafin mizanin ƙasa ku ajiye. Sannan kwamiti ya zaɓi mutum ɗaya a rubuta sunansa a matsayin mai alhakin ruwan, da mataimakinsa. Aikin da aka ce na kowa ne, in ya lalace ba a samun wanda za a tambaya.

Mataki na biyu: ku bi ruwan da ƙafa

Kafin ku sayi komai, ku ɗauki takarda da biro ku bi ruwan tun daga inda yake fitowa har famfo na ƙarshe, kuna zana taswira. Ba sai ta yi kyau ba. A nuna rijiya, da tanki, da hanyar da bututai suka bi, da bawul, da kowane kan famfo, a ba kowanne lamba. Tun bugu na uku na jagorar, a 2004, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora nauyi a kan wannan salo na gano haɗari tun daga tushe maimakon zaman jiran sakamakon gwaji, saboda kafin sakamako ya dawo an riga an shanye ruwan.

A bakin rijiya ku duba daɓen siminti: ya tsage? Ruwa yana kwanciya a gindinsa? Akwai shinge, ko dabbobi suna zuwa har bakin bututu? Ku auna nisan masai mafi kusa, da turken dabbobi, da juji. Mita 30 ake yawan bayarwa a matsayin mafi ƙarancin nisa tsakanin ramin masai da rijiya, sai dai ƙasa ta bambanta. Inda ake da yumɓu ƙazanta ba ta tafiya da nisa, inda kuwa ake da tsakuwa ko dutse mai tsaga, mita 30 ba ta hana komai. Ku lura kuma ko masan yana sama da rijiyar ta wajen gangare, don wannan ya fi haɗari.

A kan tanki ku hau ku leƙa da idonku, gani ya kori ji. Murfi yana rufuwa sosai, da kwaɗo? Bututun shan iska da na ambaliya suna da raga? Tsuntsu da ƙadangare da ɓera ta nan suke shiga, kashin tsuntsu a kan murfi kuma ruwan sama ne ke wanke shi ciki. Ku duba yawan lakar da ta kwanta a ƙasan tankin.

Bututai su ne inda aka fi sakaci, kuma a ganina nan ne babbar matsalar ƙananan ƙauyuka, musamman inda ake ba da ruwa na 'yan awoyi a rana. Muddin ruwa yana gudu da ƙarfi, bututun da ke yoyo waje yake fitar da ruwa. Da zarar an kashe inji bututun ya zama wayam, sai abin ya juya: ya riƙa zuƙo duk abin da ke kewaye da shi ta wannan huda. Idan hudar a cikin kwata take, ruwan kwata ne zai fara fitowa a famfo gobe da safe. Haka tiyon da aka bari a nutse cikin randa ko kwamin shayar da dabbobi, in ƙarfin ruwa ya faɗi, shi ma zuƙowa yake yi ya mayar cikin layi. Ku rubuta duk wurin da bututu ya ratsa kwata ko ya fito fili, da duk inda wani ya huda ya ja wa kansa ba da sanin kwamiti ba.

In kun dawo, ku jera abin da kuka gani bisa girman haɗari, ku fara da duk wanda zai iya kai kashi cikin ruwa. Ku maimaita wannan zagaye aƙalla sau biyu a shekara, ɗaya daga ciki bayan ruwan sama mai ƙarfi.

Mataki na uku: kulorin, da yadda ake auna shi

A nan zan daɗe, don shi ne aikin kullum.

Wasu za su ce rijiyarmu mai zurfi ce, ruwanta garau, mene ne na kulorin? Mai yiwuwa ruwan ya fito da tsabta, amma sai ya ratsa tanki da bututai da bokitin mai ɗiba kafin ya kai baki. Ragowar kulorin da ke saura cikin ruwa ita ke rako shi duk wannan hanya. Tana kuma da wani amfani da ba a cika faɗa ba: ita ce ƙararrawarku. Idan kullum kuna samun ragowar miligiram 0.4 a lita a famfo na ƙarshe, yau kuka sami sifili alhali ba a rage abin da ake zubawa ba, to wani abu ya shiga layi ya cinye kulorin ɗin. Za ku san haka cikin minti biyu, ba sai kun jira ɗakin gwaje-gwaje ba.

Lambobi uku za ku riƙe. Bayan an zuba kulorin an bar shi aƙalla minti 30, ragowarsa ta kai miligiram 0.5 a lita. A famfo mafi nisa kada ta gaza 0.2. Sannan ma'aunin pH na ruwan, wato mai nuna ko ruwan ya karkata ga tsami ko ga kanwa, ya kasance ƙasa da 8, domin in ya wuce haka ƙarfin kulorin yana raguwa ƙwarai. Iyakar da Hukumar Lafiya ta sa ta fuskar lafiya miligiram 5 ce, amma tun kafin a kai kusa da nan mutane za su guje wa ruwan, don wasu suna jin warinsa tun a 0.3. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan kuka cika masa kulorin har mutane suka koma tafki, kun yi asara biyu.

Kulorin ba ya aiki sosai a dagulallen ruwa, saboda ƙwayoyin cuta suna fakewa cikin laka. Ana auna dagulewa da ma'aunin NTU. Abin so shi ne ƙasa da 1, ƙananan tsare-tsare kuma kada su wuce 5. Akwai dogon bututun roba mai alama a gindi da ake aunawa da shi: ana zuba ruwa a hankali har alamar ta ɓace wa ido, a karanta lambar da ke jiki. Idan ruwanku ya wuce 5, sai an fara kwantar da lakar ko an tace da yashi kafin a zo maganar kulorin. Ruwan kogi da na tafki dole a tace su ko da sun yi haske, domin akwai ƙwayar cuta mai suna Cryptosporidium da kulorin ba ya kashewa a ƙarfin da ake sha. Ita ce ta kwantar da mutum sama da 400,000 a birnin Milwaukee na Amurka a 1993, bisa ƙiyasi, a ruwan da ake zuba wa kulorin.

Ga yadda za ku gano adadin da ruwanku ke buƙata. Ku fara haɗa ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 1 cikin 100. Idan garin kulorin mai ƙarfi kuke da shi, wanda ake kira HTH, mai kashi 65 zuwa 70, giram 15 za ku narkar a lita ɗaya ta ruwa. Idan ruwan bilic ne mai kashi 5, marar turare, ku auna mililita 200 ku cika da ruwa ya kai lita ɗaya. A yi haɗin a mazubin roba, ban da ƙarfe, a bar garin ya kwanta a tsiyaye na sama. Sai ku cika bokitai huɗu masu lita 20 da ruwan rijiyarku. Da sirinji ku zuba mililita 1 a na farko, 1.5 a na biyu, 2 a na uku, 2.5 a na huɗu. Ku gauraya, ku rufe, ku jira minti 30, sannan ku auna kowanne. Bokitin da ya ba da 0.5 ko kusa da haka shi ne ma'auninku.

Lissafin tanki ba wuya. A ce bokiti na uku ne ya dace, wato mililita 2 a lita 20. Tanki mai lita 10,000 ya ninka bokitin sau 500, ke nan mililita 1,000 yake buƙata, lita ɗaya cif ta wannan haɗi. A zuba lokacin da tankin ke cika don ya gauraya da kansa, a bar bawul a rufe sai minti 30 sun cika. Idan ruwa yana shiga yana fita ba tsayawa, zubawa sau ɗaya ba za ta yi ba, sai an sa na'urar da ke ɗiga shi a hankali. Idan kuma famfo na ƙarshe ya kasa kai 0.2, ku ƙara kaɗan kaɗan, amma ku nemi dalili: ko layin ya yi tsawo, ko akwai yoyo, ko laka ta taru a tanki. A sake gwajin bokitan nan duk lokacin da yanayi ya juya, domin buƙatar ruwan damina daban take da ta rani.

Abin aunawa ɗan akwatin roba ne mai launuka a jiki, irin wanda ake gwada ruwan wurin ninƙaya da shi. Ana cika shi da ruwa a jefa ƙwayar gwajin kulorin da ake kira DPD mai lamba 1, ruwan ya koma ruwan hoda, a kwatanta da launukan jikin akwatin a cikin hasken rana, a karanta nan take. Ƙwayoyin suna da ranar lalacewa, ku riƙa dubawa. A auna kullum a wuri biyu: mafitar tanki da famfo mafi nisa. Idan kwalara ta ɓulla a yankin, a ɗaga ragowar ta wuce 0.5 a ko'ina cikin layi.

Garin HTH ba abin wasa ba ne. A ajiye shi a rufe, a busasshen wuri mai sanyi, nesa da fetur da man inji da asid da taki, inda yara ba sa kaiwa. Mai haɗa shi ya sa safar hannu da tabarau, ya yi a fili inda iska ke kaɗawa.

Mataki na huɗu: ɗiban samfuri zuwa ɗakin gwaje-gwaje

Babban abin da ake nema shi ne ƙwayar E. coli. Tana zaune ne a hanjin mutum da na dabba, don haka ganinta a ruwa shaida ce cewa kashi ya shiga ba da daɗewa ba, kuma hanyar da ta shigo da ita za ta iya shigo da kwalara da taifot. Ƙa'idar ba ta da sassauci: kada a sami ko ɗaya a mililita 100. Ga ruwan famfon da ke shayar da mutane ƙasa da 5,000, Hukumar Lafiya ta ba da shawarar samfuri 12 a shekara, wato ɗaya kowane wata. Ku riƙa canza wurin ɗiba, kada kullum ya zama famfon da ke gindin tanki, wanda kowa ya san shi ya fi tsabta.

Sakamako da yawa a hannun mai ɗiba yake lalacewa. Ku karɓo kwalba daga ɗakin gwajin, wadda aka kashe wa ƙwayoyin cuta. Idan kuna zuba kulorin, ku gaya musu, domin kwalbar tana buƙatar ɗan sinadarin da ke kashe ƙarfin kulorin. In babu shi, kulorin zai ci gaba da aiki a hanya, sakamako ya fito da kyau na ƙarya. Saboda wannan sinadari ne ba a ɗauraye kwalbar. A wanke hannu, a cire tiyo ko tsumman da aka ɗaura a bakin famfo, a goge bakin, a ƙona shi da wuta in na ƙarfe ne, ko a goge da ruwan kulorin in na roba ne. A buɗe ruwa ya zuba na minti biyu, sannan a cika kwalbar ba tare da yatsa ya taɓa bakinta ko cikin murfin ba, a bar ɗan fili a sama. A rubuta lambar famfo da kwanan wata da lokaci da ragowar kulorin da aka auna a daidai wannan lokaci. A sa ta cikin kula mai ƙanƙara, a kai cikin awa 6 in da hali, kada dai ta wuce awa 24. Ku yi magana da ɗakin gwajin tun kafin ku ɗiba, kada ku isa ku tarar an tashi.

Akwai ƙananan kayan gwaji na hannu da ke nuna akwai ko babu, kuma suna da amfani tsakanin gwaji da gwaji. Amma wajen cika ƙa'ida, hukuma takan nemi sakamakon ɗakin da ta amince da shi, sau da yawa wanda ke da shaidar ISO 17025, wato shaidar ƙwarewar ɗakin gwaji ta ƙasa da ƙasa.

Mataki na biyar: sinadaran da ido ba ya gani

Waɗannan ba sa canzawa da sauri a ruwan ƙarƙashin ƙasa, don haka ba kowane wata ake gwada su ba. A yi cikakken gwaji kafin a fara shan sabuwar rijiya, daga nan a bi jadawalin hukuma.

Naitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita. Daga takin zamani da masai da turken dabbobi yake zuwa, jariran da ake haɗa wa madara da ruwan kuma su ya fi yi wa illa, don yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata har fatarsu ta yi shuɗi-shuɗi. Tafasawa ba ta cire shi, ƙara masa yawa ma take yi tunda ruwa ke ƙafewa shi ya zauna. Fulorayid iyakarsa 1.5. In ya yi yawa yana ɓata haƙoran yara da tabo, in ya yi yawa ƙwarai a tsawon shekaru har ƙashi yake taɓawa. Asenik da dalma, waɗanda duka guba ne, kowanne iyakarsa 0.01.

Asenik ya bar wa duniya darasi mai ɗaci. A Bangaladesh an haƙa miliyoyin rijiyoyin bututu don raba mutane da ruwan tafki mai sa gudawa, aka kuwa yi nasara ta wannan fuska. Sai a 1993 aka tabbatar cewa ruwan wasu daga cikinsu yana ɗauke da asenik daga cikin ƙasa, ruwa garau, ba wari ba ɗanɗano. Ita kuwa dalma galibi ba daga rijiya take zuwa ba, daga tsofaffin bututai da mahaɗai da kawunan famfo na tagulla take narkowa. A birnin Flint na Amurka, a 2014, an koma ɗiban ruwa daga kogi ba tare da an sa maganin da ke hana ruwa cin bututu ba, dalma ta narko ta shiga gidaje. Duk ranar da kuka canza tushen ruwa ko kuka haɗa sabuwar rijiya da tsohuwa, a sake gwada komai daga farko. Samfurin dalma kuma akasin na E. coli ne: ruwan farko ake ɗiba, wanda ya kwana cikin bututu aƙalla awa 6, ba a barinsa ya zuba.

Jan ruwa mai ɓata tufafi yawanci sinadarin ƙarfe ne da ya wuce miligiram 0.3 a lita, wanda ya fi zama abin ƙyama a kan abin cutarwa. Duk da haka kada ku raina ƙorafin mutane a kan launi ko wari ko ɗanɗano. Ruwa ba ya tsami banza. A rubuta kowane ƙorafi da lambar famfon da ya fito, a je a duba.

Mataki na shida: ranar da sakamako ya fito ba kyau

A tsara wannan tun ana zaman lafiya, a rubuta a liƙa a ɗakin inji tare da lambobin waya.

Idan an sami E. coli, ko kulorin ya ɓace kuma ba ku san dalili ba, ko ambaliya ta rufe bakin rijiya, ko mutane da dama sun fara gudawa lokaci ɗaya, abu biyu za a yi nan take: a sanar da jami'in lafiya, a kuma sanar da jama'a su tafasa ruwan sha har ya yi ta ɓarɓarkowa na minti ɗaya, su bar shi ya huce a rufe. Sanarwar ta haɗa da ruwan wanke baki da na haɗa wa jarirai abinci. A bi gida gida in ta kama, a fara da makaranta da asibiti. Na san abin da ke hana kwamiti magana, tsoron surutu ne da jin kunya, da fatan ko gwajin ne ya yi kuskure. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. A Walkerton shugaban masu kula da ruwan ya ɓoye wa jami'an lafiya mummunan sakamakon da ke hannunsa, sanarwar tafasa ruwa ta yi jinkirin kwana biyu, rahoton binciken kuma ya ƙiyasta cewa mutum 300 zuwa 400 da ba su kamu ba in da an faɗi gaskiya a kan kari.

Bayan sanarwa sai neman ƙofar da ƙazantar ta shigo. A ɗauki taswirar nan a sake bin layi, a ɗibi samfuri a rijiya da tanki da famfuna daban-daban don a gane daga ina matsalar ta fara. A gyara, sannan a wanke. Wankin tanki: a zubar da ruwan, a kwashe laka, a goge bango da buroshi, a ɗauraye. Wanda zai shiga ciki kada ya shiga sai da wani a tsaye a waje. Sai a cika rubu'in tankin, a zuba giram 80 na HTH a kan kowace lita 1,000 ta girman tankin, a cika shi, a rufe ya kwana awa 24. Wannan ruwa ba na sha ba ne, kuma ba a zubar da shi a rafi ko tafki don yana kashe kifi. A ɗauraye har ragowar ta sauko 0.5. Janye sanarwar tafasa ruwa ba hurumin kwamiti shi kaɗai ba ne, da jami'in lafiya ake yi, hukumomi da yawa kuma sai sun ga samfuri biyu a jere masu tsabta, da tazarar awa 24 a tsakani.

Idan matsalar ta sinadari ce, kada a ce wa mutane su tafasa. A nemo musu wani ruwan na sha da girki har a sami mafita.

Mataki na bakwai: rajista

Littafi ɗaya mai kauri ya isa, wanda ba a yage shafinsa. Kowace rana layi ɗaya: kwanan wata, lokaci, adadin kulorin da aka zuba, ragowarsa a tanki da a famfo na ƙarshe, dagulewa, awoyin da inji ya yi aiki, abin da aka gyara, sa hannun wanda ya auna. A wani fayil daban a tara takardun ɗakin gwaji, da wasiƙun hukuma, da taswira, da takardun zagayen dubawa. Sakamakon kowane wata a liƙa shi inda mutane ke ɗiban ruwa, mai kyau da marar kyau. Wani ɗan kwamiti da ba shi ke aunawa ba ya riƙa zuwa sau ɗaya a mako ba sanarwa, ya auna da hannunsa ya kwatanta da abin da ke rubuce.

Jami'in da ya san aikinsa yana gane rajistar da aka cika a zaune. Idan ya ga 0.5 kullum, wata uku a jere, da biro ɗaya, ba hawa ba sauka har a ranakun da aka yi ruwan sama, ya san ba a auna ba, don ruwan gaske yana motsi: yau 0.4, gobe 0.6, jibi 0.3. Ranar da ba a auna ba, saboda ƙwayoyin DPD sun ƙare ko mai aunawa ba shi da lafiya, a bar gurbin ba komai, a rubuta dalili a gefe. Idan irin waɗannan gurabe suka kai uku a wata ɗaya, kwamiti ya zauna a kansu a taronsa na gaba, ya sayi ƙwayoyin da za su kai wata shida, ya kuma koya wa mutum na biyu aunawa.